Lalube

Ƙarfe biyun dare a ɗakin bincike,
janareta na tari a bayan taga.
Na fasa ƙwan kaza mai kwana shida,
na kafa ido a madubin ƙara girma.
Ga ta nan, ba ta fi ƙwayar dawa ba,
tana bugawa
alhali ba wanda ya ce ta buga.

Jijiya ba ta iso ba tukuna.
Tana can wajen wuya, siririya,
ta fi zaren gizo-gizo rama,
ba ido, ba fitila, ba ɗan jagora,
sai 'yan yatsu a bakinta
da take miƙawa cikin duhu.

A fatar kowane ƙwayar halitta
akwai wani danƙo da ido bai gani.
Ta taɓa nan, ya riƙe ta, ta matsa.
Ta taɓa can, santsi, ta janye hannu.
In danƙon ya yi yawa, nan za ta kwana,
in babu shi, ta bi iska.
Riƙo kaɗan, saki kaɗan,
haka ake cin tafiyar.

Sai na tuna Baffa Sahabi.
Shekara tara bayan idonsa ya rufe
yana fita daga Ƙofar Marke zuwa masallaci,
sandarsa rataye a ƙusa, ya ƙi ta.
Tafin hannunsa kan bango kawai.
"Ɗiyata," in ji shi,
"katangar dukawa santsin mai gare ta,
ta gidan Magaji kaushi kamar harshen sa.
Inda tat tsage, nan ni ka karya kwana."
Ranar da aka yi wa lungun yaɓen siminti
ya ɓata har bakin kasuwa.
Wani mai albasa ya dawo mana da shi,
yana dariya, gwiwarsa na rawa.

Da safe Farfesa zai tambaye ni adadi:
zare nawa ya isa, nawa ya kauce.
Zan ba shi.
Ba zan gaya masa ba
cewa biyu ne ke neman zuciyar nan,
ɗaya ta zo ta ce mata hanzarta,
ɗaya ta zo ta ce mata sannu,
kuma duk tsawon rai
tsakaninsu za ta zauna.

Da asuba motar ma'aikata ta hau gadar Kwalkwalawa.
Rima ta janye, ta bar laka,
yaɗon duma ya kama kara yana hawa.
Saratu na gyangyaɗi a kafaɗata.
Ban gaya wa kowa ba, ko Inno,
sati bakwai ke nan.
Na sa hannu ƙarƙashin mayafi.
Ba motsi, ai da saura.
Amma na san akwai mai tafiya a ciki,
yana shafa bango,
yana jin ganga daga nesa.

Direba, bi ramin nan a hankali.