Ruwa Ba Shi da Jinsi

Daren farko da na dawo Yelwa
Kaka Tumba ta jawo tabarma ƙofar ɗakinta,
tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba.
"To, Shafa'atu, shekara guda ƙasar Jamus.
Mi kika samo?"

Na ce, Kaka, na samo tarin wata uku,
da takalmi mai gashi a ciki,
da harshen da ke ɓoye aiki can ƙarshen zance.
Sai ki zauna kina jira
kamar mai jiran jirgin Rofiya ranar kasuwa,
ba ki san ko saye aka yi ko sayarwa ba
sai mai magana ya kusa rufe baki.

"Mutanen kirki," in ji ta. "Ba a katse su."

Na ce ƙidayarsu ma ta baya take farawa,
ɗaya da ashirin, biyu da talatin.
Ranar jarrabawar farko
na tsaya tashar da ba tawa ba,
ina kuka cikin mayafi,
jirgin ƙasa ya tafi da mintinsa bai waiwayo ba.

Na ba ta labarin mai burodin layinmu.
Na jera mata gaisuwa irin ta gida,
ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi,
na haɗa su daren jiya daga ƙamus.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta miƙo canji.
Sai wata na bakwai ta tambayi sunana,
ta kira shi a karye, na amsa da sauri.

Kaka ta hure ɓawon gyaɗa.
"Rana fa, can, mace ce?"
Mace ce, Kaka.
"Wata?"
Namiji, kamar namu.
"Ashe suna da hankali."

Amma akwai na uku, na ce,
wanda ba namiji ba, ba mace ba.
Malama Hilke ta sha jan biro a kansa.
Nan suka sa littafi, nan suka sa gida,
nan suka sa yarinya,
nan suka sa ruwa.

Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya.
Daga nan ana jin Kwara,
da injin wani masunci da ya yi dare.

"Wagga sun gane," ta ce a hankali.
"Ranar da ya ci kakanki
tare ya ci su da Goggo Ige,
kwalekwale guda, buhun albasa goma sha ɗaya.
Bai tambayi wane namiji ba."

Ban gaya mata ba
cewa makon jiya na yi mafarki da Jamusanci,
har ita a ciki, tana yi mini faɗa da shi,
na farka ina laluben Hausa a bakina
kamar mai duba haƙori bayan faɗuwa.

"Koya min godiyarsu," ta ce.
Na faɗa mata.
"Danƙe?" Ta yi dariya har da tari.
"A ba su abu, su ce danƙe?"

Saura kwana goma sha tara in koma.
Ta kama wuyan hannuna
da yatsun da ke ƙanshin gyaɗa,
ta sake faɗin kalmar,
ba ta saki ba.