Minti Uku a Bemidji

Kowa minti uku aka ba shi.
Agogon ja ne, a bango, bisa kan shugaban majalisar gunduma,
yana ƙirge da baya kamar mai bin bashi.
Ni ce lauya, ni ce mai jakar fata,
ni na kwana ina jera shafi arba'in da biyu
a kan tafkin da ban taɓa kurɓar ruwansa ba.

Sunan aikina ya fi ƙofar ofishina faɗi:
mai ba da shawara kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa.
Da Inna ta tambaye ni daga Yawuri,
na ce ina tsayawa ne tsakanin masu wuri da masu takarda.
Ta ce, Kubura, mai raba faɗa shi kan sha gora.

Kamfanin hanya yake so ta gefen tafki,
motar tsakuwa sittin a yini.
Sun ce ai sun tuntuɓi mutanen Ojibwe:
wasiƙa guda, Juma'a da la'asar,
a watan da gari ya watse cikin kwalekwale
ana kaɗe shinkafar ruwa da sanda biyu.
Wa zai bar kaka ya je buɗe akwatin gidan waya?

Na miƙe, na karanto alkawarin da aka yi da kakanninsu,
shekara, sashe, sakin layi,
Turancina a goge kamar rigar sallah.
Shugaba yana latsa waya a ƙarƙashin tebur.
Agogo ya yi kuka. Na zauna.

Sai Marlys Kingbird ta tashi,
tamanin ba ɗaya, tana jan tulun iskar numfashi a kan taya.
Ba ta riƙo takarda ba.
Kwalba ta dire musu, cike da baƙar shinkafa,
ta yi minti ɗaya tana kiran lungunan tafkin da harshenta,
kowane da sunansa,
kamar uwa mai kiran 'ya'ya cin tuwo.
Sauran minti biyun ta tsaya kawai.
Ba tari, ba motsin kujera,
sai tulun nan yana huci, yana huci.
Yatsun magatakarda suka rataye a sama,
ba ta san yadda ake rubuta wannan ba.

Ni kuwa na bar ɗakin ina zaune.
Na ga kakana Ɗan'azumi a bakin Kainji,
wanda aka zo neman ra'ayinsa bayan an gama kafa turaku,
ya dangwala yatsa, tafinta ya ce madalla.
Har ya koma ga Allah
yana nuna tsakiyar ruwa da haɓa:
can tsamiyata take.

Uku da biyu aka tashi.
An ɗage magana kwana casa'in,
zama na gaba kuma a zauren mutanen tafki,
inda babu agogo a bango.
Ba nasara ba ce, kada in yi wa kaina kirari.
Rata ce kawai, kamar ta mai gudun kare.

A waje ƙanƙara ta fara zuba, siririya, kamar gari daga rariya.
Marlys ta cusa mini kwalbar a aljihun kwat,
ta ce, yarinya, kin san dokarki,
amma kina magana kamar ana korar ki.

Da daddare na ɗora ta a wuta
da daddawar da Inna ta aiko a cikin safa.
Ba ta nuna da wuri, shinkafar nan.
Na buɗe murfi sau huɗu, ta ƙi ni,
sai da ta ga dama ta tsage, farin cikinta ya fito.

Gobe zan cike takardar kuɗin aiki,
awa kaza bincike, awa kaza tuƙi.
Akwai layi ɗaya da na bari fayau.
Tun ɗazu biro na hannuna.