'Yar Kaka

Bakwai saura kwata, a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Daegu,
ina tsaye, robar naɗin gashi maƙale a goshina.
Ba mai kallona sau biyu.
Mu huɗu ne a taragon nan, kowa da tata,
ruwan hoda duka, kamar mun yi anko ba shawara.

A jakata akwai ƙarfen lanƙwasa gashin ido,
almakashin da ya tuba da yanka.
Akwai koren dutsen murza kumatu
da ke kwana a firji gefen kabejin Mama mai yaji,
shi ya sa wata safiyar fuskata kan yi ƙanshin tafarnuwa.
Soso mai siffar ƙwai. Buroshi bakwai,
biyu na san aikinsu,
biyar na saya don Boram ta saya.

Yayi baƙo ne da ba ya sallama.
Bara gira miƙaƙƙiya, kamar an ja ta da rula,
bana an ce a bar ta ta yi baka.
Wandon da na yi wata uku ina wa tari,
ran da na biya kuɗinsa ƙafarsa ta zama abin dariya.
Duk da haka ina son abin, ba zan ɓoye ba:
ina son ƙarar marfin hoda in ya rufe, ƙas,
da daƙiƙar da jan baki sabo bai san leɓe ba tukuna.

Wata mata ta jera min ƙyallaye arba'in ƙarƙashin haɓa,
ta karɓe kuɗin abincina na mako biyu,
ta ce bazara ba tawa ba ce, hunturu ma haka,
"Ke 'yar kaka ce."
Na yi dariya har ta tsargu.
Ta faɗi gaskiya ba ta sani ba.

Kakata Sundok,
shekara arba'in bayan keken ɗinki a kasuwar Seomun.
Kayan adonta kaf: matajin gora mai giɓi uku,
kwalbar man gashi da ta girme ni,
madubin da tafin hannu ke rufewa.
Na je mata da sabon siket ina juyi,
ta kama lafin, ta juya cikinsa waje,
ta ce, "Na ɗinka ɗari irinsa kafin uwarki ta yi haƙori.
Yayi allurar keke ce, yarinya,
ta nutse, ta fito, a kan ƙyalle ɗaya."

Da zafin bana ta tsinko jan fure a bayan gida,
ta daka da ɗan gishiri,
ta ɗora a faratana goma, ta naɗe da ganye da zare.
Hannunta na rawa, ƙullin bai yi rawa ba.
Daren nan ban taɓa waya ba,
na kwana yatsu a sama kamar mai roƙon ruwa.
Ta ce in launin ya kai dusar ƙanƙarar farko,
wanda kike so ba zai tafi ba.

Yanzu Nuwamba.
Saura siririn ja a baki-baki, jinjirin wata goma.
Boram ta ce in rufe da ruwan toka, shi ake yi.
Mai shagonmu ta ce hannun mai sayar da kwalliya
bai kamata ya yi kama da ƙauye ba.
Na ce to. Ban yanke ba.
Su a zatonsu wani saurayi ne.
Kaka tana hawa na shida a asibiti, gadonta na jikin taga.

Jirgi ya tsaya. Na zare robar,
gashin ya sauka daidai yadda bana ke so.
Na hau matakala bibbiyu,
na fito titi,
na fara duba sama.