Ɗan Aike Tsakanin Ƙofa Biyu

Ni ne Eleuterio, ɗan aike.
Shekara talatin da ɗaya ina taka baranda ɗaya
a dogon gidan nan na Valparaiso
da ke tsaye tsakanin tuddai da teku.
Ƙofa biyu ce a cikinsa. Na san kukan kowacce.

Ta farko ta Wakilai ce,
ɗari da hamsin da biyar, in duk sun zo.
Kamar bakin ruwa da hantsi in jirage sun dawo,
kowa na kiran farashin kifinsa.
Shekara huɗu aka ba su aro,
shi ya sa suke magana a gaggauce
kamar mai shan romo a tsaye.

Ta biyu ta Dattawa ce,
hamsin, shekara takwas-takwas.
Ba a kwashe su rana ɗaya,
a sauya wasu, a bar wasu,
yadda matata Herminda ke rage tsamin ƙullu
don burodin gobe ya tashi.
A can ko tari a hankali ake yin sa.

Ƙudiri taru ne:
wannan zaure ya saƙa, wancan ya bi ƙulli-ƙulli.
In haraji ne, ta ƙofar farko zai shiga,
in afuwa ce, sai ta biyu.
In sun saɓa, a ɗebo daga nan, a ɗebo daga can,
a rufe su ɗaki ɗaya da butar shayi,
ni ina waje kan benci, ƙafata tana barci.
Sannan takarda ta hau hanyar Santiago,
inda alƙalami ɗaya zai sa hannu
ko ya maido ta da gyara.
In suka kafe kan tasu,
sai biyu cikin uku sun ɗaga hannu,
kuma tara hannun nan ya fi tara kyanwa wuya.

Ran kasafi ba a barci.
Shugaba ne ke aiko da yadin a yanke,
su an ba su almakashi, ba a ba su ƙari ba:
su rage, i, su daɗa, a'a.

Na taɓa miƙa wa wani minista ruwa
ran da Wakilai suka ɗaura masa zargi
Dattawa suka zauna alƙalai.
Jiya ko gaisuwata bai amsa ba.
Yau kofi na kaɗawa a hannunsa,
ya ce mini na gode har sau biyu.

Amma abin da ke ci mini rai ba wannan ba ne.
Nibaldo ne, wan matata,
mai ƙaramin jirgi shuɗi da injin da ke tari.
Duk Lahadi sai ya tare ni kan yashi:
"Suruki, ina tamu ta masu ƙananan jirage?"
Sau huɗu na ɗauki takardar nan da hannuna.
Ta je da shafi tara, ta dawo da arba'in.
An cire "dole", an sa "za a iya",
aka kwana uku kan waƙafi ɗaya.
Na ce masa, "Tana tafe."
Ya ce, "Kifi ma haka yake ce mini."

Yau na ajiye makullai.
Yarinyar da ta gaje ni ba ta tafiya,
maɓalli take dannawa, ƙudiri ya tsallaka baranda
kafin in ɗaura igiyar takalmi.
Na tambaye ta ko yanzu ya fi saurin zama doka.
Ta yi dariya.

Na sauko da yamma, iska na warin gishiri.
Nibaldo na zaune yana ɗinkin taru,
ya saƙa, ya ja, ya kwance, ya sake.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya miƙo mini ɗaya bakin zaren,
ya ce, "Riƙe, ka duba mini ƙullin nan."