Harafi Goma Sha Uku

A Aboabo, a kan rufin Kawu Mumuni,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya,
wata waya ta miƙe tana sauraron duniya.
Maƙwabta sun gaji, sun daina tambaya.

Da bakina na ɗauki alkawari
zan zana masa fuskar manhaja
da za ta ɗaura rediyonsa da kwamfuta,
tunda kunnen da ya shekara arba'in
yana tsince ƙyas-ƙyas daga cikin guguwa
yanzu ya fara yi masa gardama.

Mako uku ina shuka maɓallai.
Ashirin da bakwai na jera, kowanne da launinsa,
na kai masa ina taƙama.
Ya gyara tabarau, ya matso
har numfashinsa ya dusashe gilashin.
"Hasiya," in ji shi,
"kasuwar Kejetiya kika kawo mini cikin ɗaki?"

Na koma gida na yi ta sassabe.
Abin da na fi so shi na fara cirewa.
Ashe wuyar aikin ba zubawa ba ce,
sanin abin da za a bari.

Ya ce: "Maɓallin tsayawa,
sa shi inda hannu ke faɗuwa idan an firgita.
Na aikawa ya kai faɗin babban yatsa,
don nawa yatsun sun koyi rawa ba kiɗa.
Kada ki ba ni ja kusa da kore,
idona ya daɗe da sasanta su.
Kuma farin allo yana cin batir;
in an ɗauke wuta, batirin mota ne limaminmu."

Na mai da allon baƙi.
Na bar tsakiya ga siginar da ke gangarowa,
shuɗi a ƙasa, zare-zaren rawaya a sama.
Ya daɗe yana kallo. Ya ce kente ne
da masaƙa dubu ke saƙawa
ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani.
Kowane zare mutum ne a ɗakinsa,
muryarsa ƙasa da hayaniya,
inda kunne ba ya kaiwa
sai na'ura ta sunkuya ta ɗauko.

Daƙiƙa goma sha biyar kai ka faɗa,
goma sha biyar ka yi shiru.
Wannan ya yi masa. Ya ce ko a zaure haka ake.

Sai ya ga abin da ake aikawa:
lambar kira, lambar wuri, ƙarfin sigina, sallama.
Ya cire tabarau.
"Ina gurbin gaisuwa?
Mutum ya ƙetare teku ya iso ƙofata
in tarbe shi da lissafi?"

Na ce, Kawu, hanyar ƙunci gare ta,
harafi goma sha uku take ɗauka, har da tazara.
Ya shiga ƙirga da yatsu, leɓɓansa na motsi,
ya ƙare hannu biyu, ya ara uku a nawa.
SANNU DA AIKI.
Ba ragi, ba ƙari.

Daren nan na buɗe masa ɗan akwati a ƙasan allo,
daidai inda idonsa na dama ke da sauran haske.

Bayan isha'i wuta ta tafi.
Janareton mai ɗinki ya tashi da tari.
Wani zare siriri ya sauko daga can,
daga ƙasar da sai mun duba taswira.
Kawu ya danna da babban yatsa.
Muka jira goma sha biyar ɗinmu.

Amsa ta zo: alamar tambaya guda.

Ya yi dariya har kujera ta yi ƙara.
"Ya ji," in ji shi. "Bai gane ba, amma ya ji.
Ƙara girman rubutun kaɗan,
in ga tambayar tasa da kyau."