Minti Bakwai a Kejetiya

Gyaran agogo nake yi, don haka lissafin bai kuɓuce mini ba:
minti bakwai cif.
Agoguna tara a teburina sun shaida,
ban da biyun da suka mutu tun Talata.

Ya faɗi ne tsakanin mai kifi da layin motar Aboabo,
dattijo, farar taguwa, ledar magani a hannu.
Ledar ta fashe. Ƙwayoyi suka yi ta gangara
kamar su kaɗai ke da wurin zuwa.

Muka kewaye shi.
Kasuwa ta iya da'ira, ba sai an koya mata ba.

Na dubi Muntaka mai takalma,
Muntaka ya dubi yaron mota,
yaron mota ya dubi wata mai ɗan kwalin atamfa,
ita kuwa ni take kallo.
Na daidaita fuska don kada a ce na cika rawar kai.
Ta karanta fuskar, ta ce a ranta, ashe ba komai.
Haka muka yi ta aron natsuwa a hannun juna
alhali ba mai ita a cikinmu.

Da a hanyar gona ne, ni kaɗai,
wallahi da na sunkuya.
Amma mun fi hamsin.
Aka kasa nauyin mutum ɗaya gida hamsin,
kowa ya sami abin da bai kai ƙwayar gero ba,
ya jefa aljihu.
An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Ba a gaya mana komai game da ido da yawa ba.

Wani ya ce, “Bugagge ne.”
Kalmar ta sauka kamar ruwan randa.
Wani daga baya ya ƙara, “Ba ɗan Zango ba ne ma.”
Muka ɗan ja da baya, taku guda, a tare.
Bara, da ƙanena Sadisu ya yanke jiki a Asawase,
cewa na yi rana ce, yunwa ce, hawan jini ne.
Namu rana ke kayar da shi.
Nasu, hali.

Sai ga wata kayayo, dauron doya a ka,
wuyanta na rawa don nauyi.
Azara, na ji 'yan uwanta na kira.
Ta dire kayan mutane a ƙasa, kan sidi biyar ɗinta.
Ba ta ce “jama'a, a taimaka” ba,
ta san jama'a ba shi da hannu.
Yatsa ta miƙo:
“Kai mai gilashi a goshi, ruwa!
Kai mai jar riga, tasi!”

Ni ne mai gilashin.
Ban san lokacin da ƙafata ta tashi ba.

Daga nan kuma sai rububi:
mai fifita, mai tofa addu'a, mai tsintar ƙwayoyi,
har wanda ya ce bugagge ne
shi ya riƙe ƙofar tasin, yana yi wa mutane tsawa.
Garken dai shi ne, kai kawai ya juya.

Da dare na ba Balaraba labari.
“Mun taimaki wani yau,” na ce.
Ran Laraba ya zama “muka yi maza.”
Kafin Juma'a ni na fara sunkuyawa,
kuma abin tsoron, na soma ganin hakan da idona.
Zuciya tela ce.
In riga ta ƙi shiga, ba ta rage ciki, riga take buɗawa.

Ban san sunansa ba. Ban san ko ya tashi ba.
Amma da nake shara na tsinci ƙwaya ɗaya, fara,
a ƙarƙashin teburina.
Tana cikin gwangwanin ƙananan kusoshi.
Duk wanda ya kawo agogo ya ce yana latti,
nakan buɗe gwangwanin, in tambaye shi:
da minti nawa?