Turi a Kan Ƙanƙara

A tafkin Inari, tsakiyar Fabrairu,
ruwa ya daskare har mota na ratsa shi.
Kakana Aulis ya ɗaure mini takalman zamiya,
yatsunsa na rawa, igiyar na kuɓuce masa,
ya miƙe ya ce, "Vieno, zo ki ture ni."

Shekarata tara. Nauyinsa ya yi ukuna.
Na kafa tafuna a ƙirjin rigar ulunsa,
na tattaro haushin da na kwana da shi
don ya hana ni riƙe wuƙar gyaran kifi,
na ingiza.

Ya ɗan gusa, kamar kwalekwale mai barin gaɓa.
Ni kuwa sai ga ni can,
da baya da baya,
itatuwa na tsere a gefen idona,
har na zauna daɓas bakin ramin fatsar Hilkka.

"Ka ture ni!"
Ya juya mini baya: hannuwansa a goye tun fari.
"Ƙirjina ne ya amsa," in ji shi,
"daidai abin da kika auna masa, ba ƙari ba ragi.
Kada ki ce ramuwa, ita takan jira gobe.
Waɗannan tagwaye ne, tare suke faɗowa,
ɗaya a kaina, ɗaya a kanki.
Mai nauyi ya gusa kaɗan,
ke da ba ki fi tsuntsu ba kin yi nisa."

Na zumɓura baki. Hilkka na dariya cikin gyale.
Sai ya kwance jan ƙyallen wuyansa,
ya jefo mini baki ɗaya. "To, ja."
Na ja. Yana zuwa, ina zuwa,
ban san wa ke jan wani ba,
muka yi karo can kusa da inda yake,
hancina cikin warin hayaƙi da kifi.

Bana, a asibitin Ivalo,
likita ta ce ba ya jin kowa.
Na matsa tafina a kan nasa,
na ji ya matso nawa, daidai wa daida.
Na sani. Ni ke koyar da abin a aji yanzu:
ko bango ka danna, zai danna ka.
Na sani sarai.
Na ƙara matsawa.